Alabe A Cikin Waya

Kowane dattijo ya san alabe, watau 'yar jakar fatan nan mai aljifai wadda fatake kan rataya a ƙarƙashin riga, kuɗi a wannan baki, takardar haraji a wancan. To, ga shi yau masu ƙera wayar hannu sun yi wa alabe sabon gida. Kamfanin Google ne ya fito da nasa a Amurka cikin 2011, ya kira shi Google Wallet. Apple ya biyo baya cikin 2012 da Passbook, wanda aka sake wa suna Wallet cikin 2015. A ciki mutum kan ajiye tikitin jirgi, da takardar shiga taro, da katin bankinsa. In ya je kanti sai ya kara wayar a jikin na'urar mai kaya, shi ke nan ya biya.

Dabarar kuwa abar yabo ce. Ainihin lambar katin ba ta isa hannun mai kanti, wata lamba dabam ake ba wayar ta tsaya a madadinta. Sa'an nan galibi kuɗi ba su fita sai mai wayar ya ɗora yatsa, ko ya nuna fuska, ko ya buga lambarsa ta asiri. Ɓarawon da ya yanke alaben fata ya sami abin ciki nan take. Wanda ya fizge waya a kulle, da sauran aiki gabansa.

Mu ma nan Nijeriya abin ya iso mu ta hanyarsa. Cikin Janairu 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ta intanet, bayan fasinjoji sun daɗe suna kuka da masu saye su ɓoye don su tsawwala. Cikin Oktoba na shekarar Babban Banki ya fito da eNaira. Amma abin da ya kora jama'a ga waya da gaske shi ne canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani, har mai shayi da mai nama suka koyi karɓar kuɗi ta waya, ko suna so ko ba su so.

Inda hankalinmu bai kwanta ba shi ne nan. Duk tsaron da muka zana a kan lambar asiri ya dogara, ga shi kuwa talakawa da yawa ba su karatu. Manomi ya zo da wayarsa, ya miƙa wa wani yaro a tasha, ya ce, "Taimake ni," ya kuma faɗa masa lambar da bakinsa, gaban mutane. Wannan ai ya kwance alabensa ne ya ba baƙo.

Ya ku malaman makaranta da akawuna, ku ne aka saba kawo wa wasiƙa ku karanta, ku ne kuma yanzu a ke kawo wa waya. Amana ce. Ku karanta wa mutum abin da ke rubuce, amma in an zo wurin lamba ku mayar masa da wayarsa ya buga da kansa, ku kau da kai. In ya matsa zai faɗa muku, ku ƙi ji. Ku gargaɗe shi kuma cewa banki ba ya bugo waya yana tambayar lambar asiri, wanda duk ya tambaya mazambaci ne. Malami ya ɗauki minti goma a aji ya koya wa yara wannan, lalle kafin magariba ya isa gidajen iyayensu.

Hukuma kuma muna roƙonta kada ta rufe tagar sayar da tikiti na takarda don an sami na waya. Ba kowa ke da babbar waya ba, mai ita ma caji kan ƙare masa a hanya, balle inda wuta kan kwana biyu ba ta zo ba. A bar taga ɗaya buɗe a kowace tasha, da akawu zaune, da littafin rasit a gabansa.