Kada Mu Ɗora wa Allah Abin da Bai Faɗa Ba



A watan Afrilu na 2017, sa'ad da sanƙarau yake ɗibar yara a Zamfara da Sakkwato da Katsina, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce cutar horo ce daga Allah saboda fasikancin jama'a. A nan Kaduna, wurin taron zuba jari na jiha, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya ƙi wannan magana a bainar jama'a, ya ce a je a nemo allurar rigakafi. Da yawa a cikinmu mun tafa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Irin wannan wa'azi yana fitowa daga majami'unmu, daga Kawo har Unguwar Rimi, kuma ba mu tsawata ba. Akwai gurguwar hujja iri uku da ya kamata kowane mai bi ya gane.

Ta fari ita ce a ce zunubi ne ya kawo cutar. In haka ne, me ya sa sanƙarau ya fi tsananta a ƙasashen da ke tsakanin Senegal da Habasha, kuma daga hunturu zuwa bazara? Mutanen Legas tsarkaka ne? Ko masu zunubi suna tuba da zarar damina ta sauka? A annobar 2017 yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi kamuwa. Wane fasikanci suka yi? Ƙwayar cuta ce, tana bin tari da atishawa. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki kuma yana ba ta hanya. A 1996 nau'in A ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Da aka soma allurar MenAfriVac a 2011, nau'in nan ya kusa ɓacewa, alhali halin mutane bai sake ba. Abokan Ayuba sun yi irin wannan lissafi, Allah kuwa ya tsawata musu. A Yohanna sura 9 Ubangiji da kansa ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Ta biyu ita ce a ce tun da wannan ya biyo bayan wancan, to, wancan ne sanadi. Wata gwauruwa ta shafa kan yaro ran Lahadi, ran Talata wuyansa ya sanƙare, shi ke nan an sami mayya. Mutum nawa ne suka taɓa yaron a makon nan? Don me ita kaɗai aka tuna? Domin ba ta da mai tsaya mata. Mun taɓa binne yaro wanda aka kwana biyu ana kore masa aljani a wani gidan addu'a, asibiti kuwa yana nan kusa. An rasa yaron, an kuma ɓata sunan tsohuwa a banza.

Ta uku ita ce a ce mun yi kaza, ga shi ba mu kamu ba. A watan Agusta na 2014 aka tashe mu da asuba da waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, don tsare kai daga Ebola. Daga baya wasu suka ba da shaida cewa gishirin ya yi aiki. Ebola ba ta iso Kaduna ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya. Wanda ya sha da wanda bai sha ba duk sun tsira daga ita. Gishirin ne ya kwantar da mutane a asibiti, wasu ma suka mutu, matacce kuwa ba ya tashi ya ba da shaida ran Lahadi.

Ba mu ce a daina addu'a ba, Allah ya sawwaƙe. Amma Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. In kun ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ku ɗauki marar lafiya zuwa asibitin Barau Dikko ko wanda ya fi kusa nan take, ku yi addu'ar a hanya, gama cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Tun 2024 Nijeriya ta soma amfani da sabuwar allura mai kāre mutum daga nau'i biyar. In masu rigakafi sun zo, ku fito da yaranku.

Fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata, mu ba mu da yawa a wannan gefen kogi. Kada mu ƙara raguwa saboda maganar da ba a auna ba. Kafin mu ce Ubangiji ya faɗa, mu tabbata ya faɗa.

Bari Allah na salama ya ba mu hikima. Amin.