Hayaƙin Filin Jirgin Sama: A Fara Daga Ƙasa

Jama'armu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da yawanku kuna da iyali ko ɗan fili a Kurudu, can gabashin Abuja bayan Karu da Jikwoyi. Wanda Allah ya hore wa kuɗin jirgi ya san cewa daga Ikko zuwa Abuja tafiyar kamar awa ɗaya ce. Amma daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda yake yamma da birnin, kafin mutum ya ratsa cunkoson Nyanya ya isa gida, sau da yawa sai ya ninka wannan lokaci, mota tana ci da mai tana aman hayaƙi.

Mun kawo wannan ne domin maganar rage hayaƙin jiragen sama ta taso. Masana sun ce kilo ɗaya na man jirgi in ya ƙone yana fitar da fiye da kilo uku na iskar kabon, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Jirage ke da alhakin kamar kashi biyu cikin ɗari na wannan iska. A 2022 Hukumar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tsai da shawara a Montreal cewa a shawo kan abin kafin 2050. Shugaba Buhari kuwa ya yi wa duniya alkawarin 2060 a Glasgow cikin 2021. Wanda farin 1973 ya koro mahaifinsa Kudu ba sai an yi masa dogon bayani kan ɓacin yanayi ba.

To, ina za a fara? Sabon man jirgi da ake haɗawa daga tsirrai da tsohon man girki ya fi na yanzu tsada ƙwarai. In aka ɗora wannan kuɗi a kan tikiti, ɗan kasuwar Mile 12 da maniyyaci su za su biya, alhali ba su suka cika sararin samaniya da hayaƙi ba. Ƙasashen da suka yi shekaru aru-aru suna ƙona gawayi su ɗauki wannan kaya tukuna.

Namu aikin yana ƙasa, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Duk wanda ya zauna a filin jirgi wuta ta ɗauke ya ji ƙugin janareto. Filin jirgin Cochin a Indiya ya koma wutar hasken rana gaba ɗaya tun 2015. Rana fa ba ta fi haska Indiya a kan Abuja ko Kano ba, ga kuma fili fetal a gefen titin jirgi.

Sai hanya. Jirgin ƙasan da ya haɗa filin jirgi da tsakiyar Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a 2024. Madalla. Amma bai leƙa ɓangaren Nyanya da Karu ba, inda ma'aikata da talakawa suka fi yawa. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda za ta rage wa mutanen Kurudu zagaye, an ba da kwangilarta a 2011, ta kuma haura shekara goma ba a gama ba.

Muna kira ga Hukumar Filayen Jiragen Sama, FAAN, ta bayyana wa jama'a litar man dizal nawa take ƙonawa a Abuja kowace shekara, da ranar da za ta rage shi. Ministan Babban Birnin Tarayya kuma ya sa motocin safa daga Kurudu zuwa tashar jirgin ƙasa, kafin dogo ya iso.