Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ga wata 'yar magana da ta daɗe tana ci mini rai, na ga ya kamata in kawo ta cikin wannan mujalla tamu domin mu duba ta tare. Maganar mota ce, da man da ake zuba mata, da irin kulawar da take bukata. Na san wani zai yi dariya ya ce, mu da ko keke ba kowa ke da shi ba, ina ruwanmu da mota? To, a yi haƙuri a ji ni tukuna.

A zangon da ya wuce, da aka rarraba mu ƙauyuka domin gwajin koyarwa, mu goma sha huɗu muka haɗa kuɗi muka yi shatar wata ƙaramar bas ta kai mu makarantun da ke kan hanyar Dass. Ranar da za a zo duba aikinmu muka tashi daga Bauchi tun da asuba, kowa riƙe da littafin shirin darasi. Mun wuce Yelwa ba da nisa ba sai na ga allurar zafi ta hau har ta kusa jan layi. Na ce, "Malam direba, ka ga allurar nan kuwa?" Ya ce, "Ɗan makaranta, haka take yi, ƙarya take." Ba mu ƙara tafiya mai nisa ba sai tururi ya turnuƙe gaban mota, inji ya mutu. Direba ya fita da gaggawa ya murɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya ƙone masa hannu. Muka wuni bakin hanya. Mai duba aiki ya isa makaranta ya tarar da yara zaune ba malami, ya rubuta abin da ya gani, sai da muka sake makon nan gaba ɗaya. Direba kuwa ya yi wata guda bai riƙe sitiyari ba, ga iyali. Da bakanike ya duba, ashe robar ruwa ce ta tsage tana ɗiga tun kwanaki, ba wanda ya buɗe gaban motar ya leƙa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, cikin mu goma sha huɗun nan, masu shirin zama malamai, ba ko ɗaya da ya san cewa ba a buɗe lagireto sai inji ya huce. Ni kaina na ga allura, amma da aka ce mini ƙarya take sai na yi shiru, domin ba ni da sanin da zan tsaya a kai.

Wannan ya tuna mini da makarantar mishan inda na yi firamare. Akwai wani tsohon direba mai tuƙa motar asibitin wurin, Fijo 504 ƙirar Kaduna, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Kowace safiya kafin ya sha koko sai ya buɗe gabanta, ya zaro sandar awon mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya duba ruwa, ya zaga tayoyi huɗu da ta ajiya. Yana da wani littafi a aljihun motar, inda yake rubuta ranar da ya sha mai, da lita nawa, da lambar da ke kan mitar tafiya. Mu yara muna yi masa ba'a, muna cewa Baba yana yi wa mota gaisuwar safe. Amma duk zamana a wurin ban taɓa jin an ce mai naƙuda ta kwana a hanya saboda motar Baba ba.

Ra'ayina ke nan: kula da mota ilmi ne, kuma ya kamata a koya mana shi a nan kwaleji kamar yadda ake koya mana aikin gona da kiwon lafiya. Ga dalilaina.

Na farko, mai ya zama dukiya. Kafin ran 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a nan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. An ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamba 2022, matatar Dangote kuma ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, amma duk wannan bai mai da mu farashin da ba. Mu yi ɗan lissafi irin na aji huɗu. Daga Bauchi zuwa Jos kamar kilomita 130 ne. A ce mota mai lafiya tana cin kilomita 10 da lita guda, zuwa da dawowa lita 26 ke nan. In an bar ta da toshesshiyar matatar iska, da tsofaffin fulogi, da tayoyi marasa isasshiyar iska, har ta koma kilomita 8 da lita, sai ta sha lita 32 da rabi. Watau lita 6 da rabi sun tafi banza a tafiya ɗaya. Mai motar zai zagi gwamnati da mai gidan mai, bai san ɓarawon yana cikin motarsa ba.

Na biyu, abubuwan da ake bukata ba su da wuya. Baƙin mai shi ne ran inji. Ana duba shi mota tana tsaye a wuri mai daidai, bayan an kashe ta da 'yan mintoci, ya kasance tsakanin alamomi biyu na jikin sanda. A juye shi bisa ga abin da masu ƙera motar suka rubuta cikin littafinta, a sake filta tare da shi, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu gara a gaggauta da a jinkirta. In jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take, kada a ce bari in kai gari. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura takan toshe matatar iska da wuri, sai a riƙa ciro ta ana dubawa. Lokacin bazara kuwa, Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan kusa awo 40, ruwan lagireto ne abin lura, a duba shi da safe inji yana sanyi. Ruwan rijiya zalla yakan bar tsatsa da ƙanzo a ciki, shi ya sa ake sayar da ruwan musamman na sanyaya inji. Iskar taya ma da safe ake awonta, adadin kuwa yana rubuce jikin ƙofar direba a yawancin motoci, ba sai mai faci ya buga taya da ƙarfe ya saurara ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna makon da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wanda ya iya karanta wannan ba za a sayar masa da tsohuwar taya a ce sabuwa ce ba. Sai man birki, da bel, da kan batir. Duk wannan bai kai minti goma ba.

Wajen shan mai ma akwai ladabi. A kashe inji, a kashe taba, a dubi mitar famfo a tabbata ta koma sifiri kafin a fara zubawa. Kada a saba tafiya da tanki ƙaf, domin a motocin zamani famfon mai yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, kuma in inji mai gas ne, da ya shanye ƙarƙaf iska ta shiga, tashinsa sai da wahala. In an yi kuskure an zuba fetur a motar gas, ko gas a motar fetur, kada a tayar da ita, a tura ta gefe a juye tankin. Man galan na bakin titi kuwa, na san wani lokaci dole ke sa a saya, amma ba ka san abin da aka gauraya ba. Ko a gidajen mai, a Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, sai da aka janye shi, motoci da dama suka lalace. In haka ta faru da man da ya bi ta hannun hukuma, ina ga na jarka? Araha dai ba ta ado.

Na uku, kuma wannan ya fi duka nauyi, maganar rai ce. Ran 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur ta faɗi a Majiya cikin Jihar Jigawa, mutane suka taru suna ɗiban mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Fetur ba sai wuta ta taɓa ruwansa ba, tururinsa ne ke kamawa, yana kuma bin ƙasa ya tafi nesa. Wa zai gaya wa yaron ƙauye wannan in ba malaminsa ba? Hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, tana iyakar ƙoƙarinta a kan titi, amma ba ta da ma'aikaci a kowane ƙauye. Malami kuwa yana nan.

Na ji masu cewa haɗari ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba makawa. Ban musa ba. Amma manomi ma ya san ruwa na Allah ne, duk da haka yana sharar gona tun kafin hadari ya haɗu. Wanda ya hau hanyar Ningi da birki mai ɗiga, ya kwashi 'ya'yan mutane, bai kamata ya fake da ƙaddara ba.

Na kuma ji masu cewa wannan aikin makanikai ne, malami ba ya ɓata farar riga da baƙin mai. Wannan ita ce cutar da ke damun mu masu ilmin boko, muna ganin aikin hannu ƙasƙanci ne. Ku tuna marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Midil ta nan Bauchi, shi ne ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, a zamanin mulkinsa kuma jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961. Garin nan ne aka kafa masana'antar Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970. Bauchi ba baƙuwar inji ba ce. Ba na cewa mu ƙwace wa makanikai sana'a. Ina cewa mu san abin da zai sa mu kai musu mota tana tafiya da ƙafarta, mu kuma gane abin da suke gaya mana. Wanda ba shi da mota zai yi babur, makarantar da za a tura shi tana iya samun janareto, duk kuwa mai da iska da baƙin mai suke bukata.

Saboda haka ina roƙon shugabannin kwaleji abu uku. A ba mu awa ɗaya ran Asabar da safe, a gayyato wani gwanin bakanike daga cikin gari ya nuna mana a jikin mota, ba a kan allo ba, maza da mata duka. A sa littafi cikin kowace motar kwaleji, a riƙa rubuta mai da tafiya da gyara, ɗalibai su riƙa yin lissafinsa bi da bi, ga darasin lissafi a ɓagas. Sa'an nan duk motar da za ta ɗauki ɗalibai, tamu ce ko ta shata, kada ta fita ƙofa sai an buɗe gabanta an duba a gaban shugaban tafiya.

Ni dai na fara. Na koma wurin direban nan da hannunsa ya warke, na roƙe shi ya bar ni in riƙa duba motarsa tare da shi ran Asabar. Da fari ya ɗauka ba'a nake yi, yanzu kuwa shi ke miƙo mini tsumma. Duk mai so ya zo ya same mu, sai dai ya zo da tsohuwar riga. Allah ya kiyaye mu a hanya, amin.