Keke Mai Ninkewa: Ko Zai Raba Ɗalibi Da Kukan Kuɗin Mota?

Duk ɗalibin da ba ya kwana a cikin makaranta a wannan gari na Legas ya san cewa kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na biyu, wanda ba a ba da rasidinsa. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare, abin ya ƙara ta'azzara. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 kafin wannan rana, sai ga shi kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Kowa kuma ya sani, idan mai ya tashi kuɗin mota ba ya jiran a kira shi, in kuwa man ya sauko shi sai an yi da gaske. A ajinmu akwai waɗanda suka koma zaɓen ranakun zuwa lacca, su zo Litinin da Laraba, sauran ranakun su dogara da littafin abokai. Ga ɗalibin harshe kuwa wannan asara ce babba, domin karin sauti da furucin ɓ da ɗ da ƙ ba a koyonsu daga littafin aro, sai kunne ya ji, baki ya maimaita.

Abin da nake son jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kai shi ne keke, amma ba kowane irin keke ba. Ina nufin keken nan mai ƙananan tayoyi da ake ninkewa gida biyu ko uku a ɗauka a hannu. Na kusa shekara ina hawan irinsa, kuma ra'ayina shi ne, ga wanda tafiyarsa ta dace da shi, babu abin hawan da ya kai shi riba a wannan zamani. Sai dai a riƙe wannan sharaɗi na dacewar tafiya, domin a nan maganar take.

Tun da mujallar ɗaliban Hausa ce, bari mu ɗan tsaya a kan sunan. Na ji wasu na cewa keke mai naɗewa, ni kuwa na fi son mai ninkewa. Tabarma da darduma ake naɗewa. Takarda da mayafi kuwa ninkewa ake yi, a ɗora wannan gefe a kan wancan, kuma haka ake yi wa wannan keke. Ita kanta kalmar keke masana sun sanya ta cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Yarabanci, ga kuma basukur da ta fito daga Ingilishi, ga laulawa da tsofaffi ke faɗa. Na bar wa malamanmu na fassara su raba gardamar.

To, mai karatu, ka dubi tafiyarka ta kullum, za ka ga kashi uku ce: daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa wata tashar, sannan daga nan zuwa ƙofar aji. Kashi na tsakiya, wato mai nisan, shi ne wanda gwamnati ta fi mayar da hankali a kai. Motocin BRT sun fara aiki a 2008. Jirgin ƙasa na layin Shuɗi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumba na 2023, na layin Ja kuma tsakanin Agbado da Oyingbo a watan Oktoba na 2024, yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Amma jirgi ba ya shiga lungu. Kashi na farko da na ƙarshe, 'yar tafiyar nan ta kilomita biyu ko huɗu, su ne suke cin kuɗi da lokaci a ɓoye. A da 'yan acaɓa ne, wato okada, suke cike wannan giɓi, kuma da yawansu mutanen Arewa ne, waɗanda a wurinsu wasunmu muka fara gwada 'yar Hausarmu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jiha ta haramta sana'ar a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba kuma ta ƙara da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Abin da ya rage shi ne ka jira Keke Marwa ya cika, ko ka taka sayyadarka. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita biyar a awa guda, mai keke kuwa ba tare da ya takura kansa ba yakan ci goma sha biyar. Ke nan tafiyar kilomita huɗu da za ta ɗauke ka kusan minti hamsin a ƙafa, a keke ba ta kai minti ashirin ba.

Wani zai ce ai babban keken da muka sani ma zai yi wannan aiki, kuma ya fi araha, ya fi ƙarfi. Gaskiya ne. Amma a ina za ka ajiye shi? Yawancinmu ɗaki guda muke haya, wasu ma mutum uku a ciki, a gidan da tsakar gidansa hanyar wucewa ce kawai. Babban keke a waje yake kwana, kuma keken da ke kwana a waje a garin nan tamkar an ba ɓarawo ajiya ne, komai girman kwaɗon da aka sa masa. Mai ninkewa kuwa yana shiga bayan ƙofa, yana hawa bene tare da kai, yana zama a gefen kujerarka a aji. Ranar da ruwa ya tsuge, ko tayarka ta yi faci a inda babu mai gyara, sai ka ninke abinka ka shiga mota. Babban keke ba ya ba ka wannan zaɓi, duk inda ka kai shi sai ka dawo da shi da ƙafarka.

Wannan dabara ta haɗa keke da jirgi ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Andrew Ritchie ya fara zana keken Brompton a Landan a tsakiyar shekarun 1970, a Amurka kuma David Hon ya kafa kamfanin Dahon a 1982. A jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ana barin mutum ya shiga da keken da aka ninke a kowane lokaci, a Jafan kuwa sai an sa shi a cikin jaka. A nan gida, shawarata ita ce kafin ka biya ko kwabo ka je tashar da kake bi ka tambayi ma'aikata sharaɗinsu, ka kuma ɗinka wa keken jaka. Kwandastan danfo da ya ga taya mai taɓo zai ce ka biya kujera biyu, wanda ya ga jaka a kan cinyarka kuwa ba kasafai yake tankawa ba.

Sabon Brompton yawanci yakan haura fam dubu na Ingila, saboda haka mu bar shi wa masu shi. Namu na gwanjo ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Jafan, kuma a nan ake bukatar buɗe ido. Abu na farko da za ka duba ba fenti ba ne, mahaɗar nan ce ta tsakiya inda keken yake karyewa biyu. Ka buɗe shi, ka kulle, ka matse birkin gaba, sannan ka tura shi gaba da baya. In ka ji mahaɗar tana motsi ko tana ƙara, ka ajiye shi komai arharsa, domin arha ba ta ado, kuma mahaɗar da ta saki a tsakiyar titi ba ta ba da sanarwa. Haka za ka yi wa mahaɗa ta biyu da ke ƙarƙashin hannun keken. Ka share dattin da ke kewaye da waldar ka duba ko akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Idan jikin keken na alminiyam ne, ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya tsatsa, amma in ya tsage mai walda na bakin titi ba zai iya yi masa gyaran da za a amince da shi ba. Na ƙarfe ya fi nauyi, ana iya yi masa walda, sai dai damshin Legas da iskar teku suna cinsa in ba a kula da shi. Ni na ƙarfe na zaɓa, saboda na fi yarda da abin da za a iya gyarawa a unguwarmu.

Sai maganar taya, wadda ita ce ta fi yaudarar masu saye. Waɗannan kekuna yawanci inci 16 ne ko inci 20. Ƙaramar taya tana sa keke ya ninku ƙanƙane, amma tana faɗawa rami sosai, kuma titunanmu ba sai an faɗa ba. Saboda haka inci 20 ya fi dacewa da mu. Bayan wannan, a gefen kowace taya akwai wata lamba da ke nuna ainihin faɗin ƙarfen da take zama a kai. Inci 20 iri biyu ne, akwai 406 akwai 451, inci 16 ma haka, akwai 305 akwai 349, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Mai lamba 406 ita ce irin ta kekunan yara da na wasa, saboda haka samunta ba wuya. Wanda ya sayi keke mai wata lambar daban yana iya ajiye shi wata guda yana neman taya. Game da giya kuwa, Legas shimfiɗaɗɗen gari ne, giya shida ko bakwai sun isa har sun yi yawa. Wanda zai hau a Ibadan ko Abeokuta ko Inugu, inda tuddai suke, shi ne zai damu da wannan. Daga ƙarshe ka ninke keken ka ɗauke shi ka yi taku hamsin a gaban mai sayarwa. Yawancinsu kilo 11 zuwa 14 ne, nauyin da ba a jinsa a shago, sai a kan matakalar gadar masu tafiya a ƙasa.

Lissafin kuɗin kuwa kowa ya yi nasa. A ce gajerun tafiye-tafiyen nan suna cin maka naira 1,000 a rana, kwana biyar a mako, mako talatin a shekarar karatu, ka ga naira 150,000 ke nan. Ka kwatanta wannan da kuɗin keken, ka haɗa da na hular kwano da fitila da famfon iska da ɗan abin da faci da man sarƙa za su riƙa ci. Ɗan aji ɗaya da ɗan aji biyu su ne za su fi cin riba. Ɗan ajin ƙarshe sai ya duba ko zai tafi da shi hidimar ƙasa.

Yanzu bari mu zo ga babbar hujjar masu adawa, wato haɗari. Duk inda aka yi maganar keke a Nijeriya sai wani ya tuno da marigayi Ojo Maduekwe, wanda yana ministan sufuri a 2001 ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har wata rana mota ta ture shi cikin kwalbati yana kan hanyar zuwa aiki a Abuja. An yi ta yi masa dariya, amma ni ban ga abin dariya ba. Abin da ya same shi ya nuna cewa an gina titunanmu ba tare da an tuna da mai keke ba, kuma har yau wannan magana tana nan. Saboda haka ba zan ce wa kowa ya hau titin Ikorodu ko na Apapa zuwa Oshodi ya yi gogayya da tirela ba. Amfanin mai ninkewa ke nan: babban titi a bar wa mota da jirgi, keke kuma ya bi titunan cikin unguwa inda gudu bai yi yawa ba. Ka bi hanyarka a ƙafa ranar Asabar ka san ramukanta da lambatunta. Ka guji rakuɓewa a gefen babbar mota, domin direbanta ba ya ganinka. Ka yi hattara da danfo, wanda ke tsayawa duk inda ya ga fasinja ba tare da ya nuna alama ba. Wanda bai iya keke sosai ba kada ya koya a titi, ƙaramar taya tana da saurin juyawa, sai hannu ya saba.

Ruwan watan Yuni da Yuli da gumi su ma gaskiya ne, amma maganinsu riga ta biyu a jaka da fita da wuri kafin rana ta yi zafi. Abin da na ga ya fi hana mutane shi ne kunya. A idon mutanenmu keke na wanda bai samu ba ne, balle kuma wannan mai kama da na yara. An sha tambayata ko na ƙanena na aro. Abin mamaki shi ne, a zamanin kakanninmu mai keken Raleigh shi ne ɗan gaye, har masana'antarsa aka kafa a Kano. Keken bai canza ba, mu ne muka ɗora wa kanmu girman da aljihunmu bai kai ba. 'Yan'uwanmu mata kuma sun fi shan surutu, alhali wannan keke ya fi yi musu sauƙi, domin ƙarfensa na tsakiya a ƙasa yake, ba sai an ɗaga ƙafa sama kafin a hau ba. Abin lura kawai shi ne a tattare bakin zane ko doguwar riga kada sarƙa ta kama.

Akwai dai waɗanda ba zan ba su shawarar saye ba. Wanda motarsa ke ɗaukarsa a ƙofar gida ta sauke shi a ƙofar makaranta ba ya bukatarsa. Wanda yake da amintaccen wurin ajiya a gida da makaranta, kuma babu mota a tafiyarsa, ya sayi babban keke, ya fi masa. Wanda nauyinsa da na jakarsa ya haura kilo 100 ya tambayi iyakar abin da keken yake ɗauka, domin yawancinsu a nan kusa iyakarsu take. Wanda kuma babu wata hanya daga gidansa sai babban titi, ransa ya fi kuɗin mota. Sauran kuwa, duk mai son gwadawa kafin ya saya, nawa yana jingine a bayan aji kusan kullum. A tambaye ni bayan lacca, amma a zo da hular kwano.