Man Agadem: darasin da ke Doba, da tsatsar da ba a lissafa ta a kasafi

Tun da jirgin ruwa na farko ya ɗauki ɗanyen man Nijar a tashar Seme ta Benin a watan Mayun 2024, hankalin jama'a ya tafi ne ga rikicin iyaka, da harin da aka kai wa bututun, da bashin dala miliyan 400 da gwamnati ta karɓa daga kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Duk waɗannan manyan batutuwa ne. Amma akwai abubuwa biyu da za su yanke yawan kuɗin da Nijar za ta gani nan da shekara goma sha biyar, kuma ba a cika jin su a rediyo ba: nawa za a iya tatsowa daga rijiyoyin Agadem da ke jihar Diffa, da kuma yaya ƙarfen da ke ɗauke da man zai jure.

Rijiyar mai ba tafki ba ce a ƙarƙashin ƙasa. Man yana maƙale ne cikin ƙananan ramukan dutse da yashi. Da farko matsin da ke ƙasa ne ke turo shi sama, sai dai wannan matsi yana raguwa, kuma abin da yake fitarwa ɗan kaɗan ne. A mafi yawan filayen duniya, abin da ake samu a ƙarshe bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na man da ke kwance ba. Hanya mafi arha ta ƙara samu ita ce a haƙa wasu rijiyoyi a gefe, a riƙa ɗura ruwa, ruwan ya kora man zuwa bakin rijiyar da ake zuƙa. Idan man yana da kauri, ruwan kan ratsa shi ya wuce ya bar shi a baya. Sai a zuba wa ruwan wani garin sinadari da ake kira folima, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya share man a hankali. Babu wanda ya kai Sinawa gogewa a nan: tun tsakiyar shekarun 1990 suke amfani da wannan dabara a babban filinsu na Daqing, wanda shi ma na CNPC ne. Ke nan ilimin yana hannun abokin hulɗar Nijar. Tambayar ita ce ko yarjejeniyar ta sa ya ga ribar kashe kuɗin, ko kuwa ya kwashe mai sauƙin ya bar sauran.

Maƙwabciya Cadi ta riga ta bi wannan hanya. An fara fitar da man Doba a 2003 ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru. Ba a yi shekaru da yawa ba haƙon ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka, domin rijiyoyin sun koma aman ruwa fiye da mai. ExxonMobil ta sayar da kasonta a ƙarshen 2022, gwamnatin Injamena ta mayar da kadarorin na ƙasa a Maris 2023. Abin da ta gada tsoffin rijiyoyi ne da bututan da suka yi shekara ashirin suna shan ruwa.

A nan ne arhar take da tarko. Busasshen mai ko busasshiyar iskar gas ba sa cin ƙarfe sosai. Ruwa ne ke buɗe wa tsatsa ƙofa. Iskar kabon da ke tafe da gas, in ta haɗu da ruwa, tana zama ruwa mai tsami da ke ƙwaƙule bututu daga ciki. Wadda ta fi ta muni ita ce iskar farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai: tana kashe mutum, tana kuma sa ƙarfe mai ƙarfi ya tsage ba gargaɗi. Ruwan da aka ɗura ba tare da an cire masa iska ko an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba, shi da kansa yana iya haifar da wannan iska a rijiyar da da can ba ta da ita.

Faransawa sun san labarin. Gas ɗin da aka gano a Lacq a 1951 yana da farar wuta kusan kashi 15 cikin ɗari, sai da aka ƙera ƙarfe na musamman kafin a fara aiki a 1957. A Kashagan na Kazakistan an buɗe fili a Satumba 2013, makonni kaɗan bututan suka tsage, aka rufe har 2016 ana musanya su. A Alaska kuma, a 2006, bututun BP ya huje saboda tsatsa a layin da aka daɗe ba a tura masa na'urar kankare datti ba. Waɗannan kamfanoni ne masu kuɗi da injiniyoyi, amma abin ya ci su.

Maganin sananne ne, kuma bai kai tsadar gyara ba: sinadarin hana tsatsa da ake ɗigawa kullum, ɗan ƙaramin lantarki da ake saka wa bututun da ke binne, da na'urar da ke bi ta ciki tana auna kaurin ƙarfe. Matsalarsa ɗaya, shi ne farkon abin da ake yankewa idan kuɗi suka yi ƙaranci ko tsaro ya taɓarɓare. Sudan ta nuna haka a 2024, lokacin da yaƙi ya hana kula da tashoshin bututun da ke ɗauko man Sudan ta Kudu, man ya daskare, bututun ya fashe, aka yi watanni ba a fitar da komai ta wannan layi ba.

Bututun Nijar zuwa Benin ya kusa kilomita 2,000, kuma an tsara ya ɗauki ganga 90,000 a rana, ban da ganga 20,000 da ke zuwa matatar Soraz ta Damagaram tun 2011. A ganinmu, korar shugabannin kamfanonin Sin uku da aka yi a Maris 2025 ba ta kai muhimmancin wani abu da ba a yi surutu a kansa ba: hukumomin Yamai su sami injiniyoyinsu da za su karanta sakamakon awon bututun da kansu, su san yawan ruwan da kowace rijiya ke fitarwa, su kuma san daga ina ake ɗebo ruwan da ake ɗurawa a yankin da makiyaya ke tafiyar yini kafin su kai rijiya.