Kansar bututun abinci: ina gaskiyar zancen bairos?

Abin yakan faro ne daga lomar tuwo. Mutum ya haɗiye, ya ji ta tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Bayan ƴan watanni ya koma fura da kunu, daga baya ruwan ma ya gagara, jiki ya rame. Mu a nan mukan ce gyambon ciki ne, wasu kuma su ce jifa aka yi masa. Alhali cikin abubuwan da ke kawo haka akwai kansar bututun abinci, wato hanyar da ke sauka daga maƙoshi zuwa tumbi. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum fiye da dubu 500 suka kamu da ita, fiye da dubu 400 kuma suka rasu. Yawancinsu an gano ta ne a makare.

To, me ya kawo zancen ƙwayar bairos ciki? A 1982 wani likita ɗan ƙasar Finlan, Kari Syrjänen, ya ga alamun HPV a jikin wannan kansa, bairos ɗin nan da ke haddasa kansar bakin mahaifa. Tun daga nan masana ke ja-in-ja. Wasu bincike a Sin sun same shi da yawa, wasu kuma sun nema ba su gani ba. Wani babban bincike na Amurka da ya fito a 2017 ya tone ƙwayoyin halittar kansar, bai ga shaidar cewa HPV ne sanadi ba. Don haka rigakafin HPV da maƙwabciyarmu Najeriya ta fara yi wa ƴan mata a 2023 alheri ne babba ga mahaifa, amma kada a ce mana maganin wannan ciwo ne.

Akwai kuma nau'o'in da ba kasafai ake gani ba. Ɗaya an sha samun bairos ɗin Epstein-Barr a cikinsa, wanda aka gano a 1964 a kansar yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda. Wani kuma, Kaposi, bairos ne sanadinsa tabbas, kuma ya fi kama masu sida da ba su shan magani.

Nan ne muke so a fahimce mu, jama'a. Jin sunan bairos kan sa a fara ware wa maras lafiya ƙwaryarsa da ludayinsa. Wannan zalunci ne. Kansa ba a ɗaukarta a kwano. Epstein-Barr ɗin ma, kusan tara cikin manya goma na duniya suna ɗauke da shi, kuma lafiyarsu lau.

Abin da aka tabbatar ya fi kusa da mu: taba da giya su ne a gaba. Sai zafin abin sha. A 2016 hukumar ta Lyon ta ce abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo wannan kansa. Shayin ba shi da laifi, ƙunar ce matsala. A yankin Golestan na Iran, inda ake kurɓar shayi yana tururi, ciwon ya yi yawa, haka ma a Malawi da Kenya. Yammacin Afirka ba ta kai can ba, alhamdu lillahi, amma duk wanda ya zauna fada ya san yadda kofin farko ke fitowa daga kan gawayi. A bar shi ya huce minti kaɗan, ba ya rage masa ɗaci.

Sauran magana ta hanya ce da aljihu. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin kansa da na'ura a 2021, sai dai daga Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce, ban da masauki da abinci. Kafin a kai can, ana bukatar awon da ake zura siririn tiyo mai kyamara a duba bututun. Ƴan uwa da ke Legas, Abijan ko Aljeriya, idan an kira ku aka ce baba ya yi sati biyu ko uku tuwo ba ya wuce masa, kuɗin wannan awo za ku fara aikowa, tun yana iya shan kunu.