A Daina Tumɓuke Sabara Da Kalgo

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in yi kira ga 'yan'uwana manoma na Tambuwal da Kebbe, har da na Jabo da Dogon Daji, game da sabara da kalgo da geza, waɗanda muke yi wa kallon dattin gona.

Da kaka ta wuce, sai samari su cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo. Da bazara kuma, wajen sassabe, a haƙe kututture har saiwa, a loda wa jaki a kai kasuwa. Ni ma ɗan tireda ne, na san babu ce ke sa mutum haka. To amma wallahi cinikin asara ne.

Kowa ya duba gindin sabara zai ga ƙasa ta taru ta yi tudu. Ƙasar da iskar hunturu ta kwaso ce ta tsare, ganyenta ya zuba a kai ya zama taki. Masu bincike a ƙasar Senegal sun gano cewa saiwarta na jawo ruwa daga can ƙasa da dare, geron da ke kusa ya samu ya sha. Kalgo kuwa, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, ɓawonsa igiya. Ganyen sabara ma ai maganin masu jego ne tun kaka da kakanni.

Waɗannan itatuwa ransu a ƙasa yake. Ka sare, su toho. Wuta ta bi ta kansu sau ɗaya, su toho. Abin da ke kashe su shi ne wutar kowace shekara da haƙe saiwa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan daji ba. A jihar Kaliforniya ta Amurka akwai dajin gajerun itatuwa a kan tsaunuka, shi ma daga saiwa yake tohowa bayan gobara. Masana can sun ce in wuta ta yawaita maimaituwa, itatuwan sai su ƙare, busasshiyar ciyawa ta maye wurin, ita kuwa ta fi saurin kamawa. Gobarar daji ta watan Janairun 2025 a Los Angeles ta ci gine-gine fiye da 16,000. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Maganin ma ba nisa gare shi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi tun a shekarun 1980, lokacin fari, suka soma abin da suke kira sassaben zamani. Manomi ya bar kututture, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya daddatse sauran ya yi makamashi da su. Ba sayen iri, ba ban ruwa. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar ta wannan hanya. In Maraɗi, da ruwansu bai kai namu ba, suka iya, me zai hana mu?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai su tsawata wa masu sa wa daji wuta. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su turo malaman gona su nuna wa jama'a wannan sassabe a gonaki, ba a ofis ba. Masu sayar da icce da gawayi kuma, don Allah a sare reshe a bar saiwa. Ranar da dajin ya ƙare, makiyayi ba shi da inda zai nufa sai gonarka, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Manomi mai karatu,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.